Bashin da Magoya Baya Ba Su Ci Ba: Nazarin Shugabancin Manchester United Daga 2005 Zuwa 2025

A ranar Lahadi, 2 ga Mayun 2021, an shirya Manchester United za ta karɓi baƙuncin Liverpool a filin Old Trafford ba tare da 'yan kallo ba, saboda dokokin annobar korona. Tun kafin lokacin wasan ya yi, dubban magoya baya sun taru a harabar filin, sannan wasu ɗaruruwa daga cikinsu suka samu kafa suka kutsa har tsakiyar ciyawar da 'yan wasa ke takawa, suna kunna wuta mai fitar da hayaƙi kore da ruwan ɗorawa. Wasu kuma suka je suka tsare ƙofar otal ɗin Lowry, inda 'yan wasan ƙungiyar suka sauka, har motarsu ta kasa fita. An ji wa wasu 'yan sanda rauni, aka ɗage wasan, kuma wannan ne karo na farko da zanga-zangar magoya baya ta tilasta ɗage wasa a tarihin gasar Firimiya. Abin lura shi ne a ranar ƙungiyar tana matsayi na biyu a teburin gasar, kuma kwanaki uku kafin nan ta lallasa Roma da ci 6 da 2 a wasan kusa da na ƙarshe na gasar Europa. Mutanen da suka cika harabar filin sun fito ne saboda yadda ake tafiyar da ƙungiyar, kuma ƙorafin nasu ya shekara 16 a lokacin.

Tushen maganar yana cikin yadda aka sayi ƙungiyar. A watan Mayun 2005 attajirin Amurka Malcolm Glazer, mai ƙungiyar Tampa Bay Buccaneers ta ƙwallon Amurka, ya mallaki rinjayen hannun jarin United a cinikin da ya ƙiyasta darajarta a kan kusan fam miliyan 790. Mafi yawan kuɗin rance ne da ya haura fam miliyan 500, kuma babban kaso na rancen an jingina shi ne a kan kadarorin ƙungiyar kanta. Ma'ana, ƙungiyar da ta shafe shekaru da dama ba a binta bashi ta wayi gari ita ce za ta biya kuɗin da aka saye ta da shi. Wani ɓangare na rancen daga kamfanonin zuba jari aka karɓo shi da kuɗin ruwa sama da kashi 14 cikin ɗari, irin wanda ba a biyansa duk shekara sai dai ya riƙa hawa kan uwar kuɗin. Zuwa shekarar 2010 jimillar bashin ta wuce fam miliyan 700. Babu wata doka da aka karya a wannan ciniki, kuma wannan na cikin abin da ya fi ci wa magoya baya rai, domin a 1999 sun taimaka wajen hana kamfanin BSkyB na Rupert Murdoch sayen ƙungiyar lokacin da gwamnati ta taka wa cinikin birki, amma a wannan karon babu hukumar da ke da ikon cewa a'a.

Magoya bayan sun gane illar tun ranar farko. Lokacin da 'ya'yan Glazer suka fara ziyartar Old Trafford a watan Yunin 2005, sai a cikin motar 'yan sanda aka fitar da su. A shekarar ce wasu suka yanke shawara mafi tsauri da mai son ƙwallo zai iya yankewa: suka daina zuwa filin, suka kafa tasu ƙungiyar mai suna FC United of Manchester, wadda mambobinta ne suka mallake ta, kowa da ƙuri'a ɗaya, suka fara daga ƙananan rukunan gasar Ingila. Shekara goma bayan haka ta buɗe filinta na kanta, Broadhurst Park. Amma kujerun da suka bari a Old Trafford ba su daɗe babu kowa ba, domin akwai dogon layin masu jiran tikiti, kuma daga nan masu ƙungiyar suka fahimci cewa fushin magoya baya ba zai taɓa aljihunsu ba.

Shekaru takwas na farko kocin ƙungiyar Alex Ferguson ne ya rufa asiri. Daga 2007 zuwa 2013 ya ci gasar Firimiya sau biyar, ya ɗauki kofin Zakarun Turai a 2008, kuma a bainar jama'a yana kare masu ƙungiyar. Duk wanda ya yi maganar bashi a lokacin sai a nuna masa kofuna. Duk da haka alamun suna nan ga mai lura. A 2009 an sayar da Cristiano Ronaldo ga Real Madrid a kan fam miliyan 80, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a duniya a lokacin, amma waɗanda aka kawo su ne Antonio Valencia da Gabriel Obertan da kuma Michael Owen wanda aka ɗauka kyauta. A watan Janairun 2010 aka fitar da takardun lamuni na kusan fam miliyan 500 domin sauya fasalin bashin, kuma bayanan da aka wallafa wa masu zuba jari suka ba jama'a damar ganin yawan kuɗin da ke fita. Daga nan aka fara gangamin kore da ruwan ɗorawa, launukan Newton Heath, ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa da aka kafa a 1878 wadda ta koma Manchester United a 1902. Saƙon ya fito fili: muna son United, ba ma son Glazer. A watan Maris na shekarar, bayan United ta doke AC Milan da ci 4 da nema, David Beckham, wanda ya zo a matsayin ɗan wasan Milan, ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga cikin mayafan wuyan da aka jefo daga wurin 'yan kallo, ya rataya a wuyansa yana fita daga fili. Hoton ya zagaya duniya, amma yunƙurin wasu attajirai magoya baya na haɗa kuɗi su sayi ƙungiyar ya ci tura, domin masu ita sun ce ba ta sayarwa ba ce.

A 2012 aka sayar da wani kaso na hannun jarin a kasuwar New York, kuma tsarin da aka bi ya cancanci a tsaya a kansa. An raba hannun jarin gida biyu: wanda ake sayar wa jama'a yana da ƙuri'a ɗaya, wanda iyalan Glazer suka riƙe kuma kowane ɗaya yana da ƙuri'a goma. Saboda haka za su iya karɓar kuɗin mutane ba tare da sun saki ragamar iko ba. Daga 2016 zuwa 2022 ƙungiyar ta riƙa biyan ribar hannun jari a kai a kai, mafi yawa zuwa ga 'ya'yan Malcolm Glazer shida, wanda shi ya rasu a 2014. Idan aka haɗa kuɗin ruwa da na hidimar bashi da ribar da aka raba, abin da ya fita daga ƙungiyar saboda wannan mallaka ya haura fam biliyan ɗaya, kuma har yau ainihin bashin bai gushe ba.

Sai dai idan aka tsaya a kan bashi kaɗai ba a yi wa lamarin adalci ba, domin ba a nan kawai gizo ke saƙar ba. United ba ta taɓa rasa kuɗin sayen 'yan wasa ba bayan tafiyar Ferguson. Ta kashe fiye da fam biliyan ɗaya a kasuwar musayar 'yan wasa cikin shekaru goma da suka biyo baya. Abin da ta rasa shi ne wanda ya san yadda ake kashe su. A bazarar 2013 Ferguson ya yi ritaya, kuma a lokaci guda shugaban gudanarwa David Gill ya ajiye aiki. Mutum biyun da suka riƙe ilimin ƙwallo na gidan suka fita tare, aka miƙa ragama ga Ed Woodward, tsohon ma'aikacin bankin JP Morgan wanda ya taimaka wajen tsara cinikin 2005. Woodward gwani ne wajen jawo kamfanonin talla, kuma a zamaninsa aka ƙulla yarjejeniyar fam miliyan 750 da Adidas ta shekara goma. Amma shi ne kuma ke jagorantar cinikin 'yan wasa da ɗaukar masu horarwa, aikin da sauran manyan ƙungiyoyi suka daɗe da danƙa wa daraktan wasanni. United ba ta naɗa daraktan ƙwallo ba sai a watan Maris na 2021.

Sakamakon wannan giɓi shi ne abin da magoya baya suka riƙa gani da idonsu kaka bayan kaka. An ba David Moyes kwantiragin shekara shida, aka sallame shi cikin wata goma. A kasuwarsa ta farko an shafe bazara ana neman manyan 'yan wasan tsakiya, a ƙarshe aka sayi Marouane Fellaini a ranar rufe kasuwa a kan fam miliyan 27.5, alhali makonni kaɗan kafin nan akwai sharaɗi a kwantiraginsa da zai ba da damar ɗaukarsa a farashi mai sauƙi. Aka kawo Louis van Gaal mai son riƙe ƙwallo a hankali, aka saya masa Angel Di Maria a kan fam miliyan 59.7, aka sayar da shi da asara bayan shekara ɗaya. Van Gaal ya ci kofin FA a 2016, amma labarin za a maye gurbinsa ya bazu tun a yammacin da ya ɗaga kofin, aka kore shi bayan kwana biyu. Aka kawo Jose Mourinho mai salon tsaro da kai farmakin ba-zata, sannan Ole Gunnar Solskjaer, sannan Ralf Rangnick a matsayin riƙon ƙwarya, sannan Erik ten Hag. Kowane koci yana zuwa da falsafar da ta saɓa wa ta wanda ya gada, ya tarar da 'yan wasan da aka saya domin wani salo daban a kan albashin da ya hana wata ƙungiya ɗaukarsu, sai a sake saya masa nasa a ɗora. Paul Pogba ya bar ƙungiyar kyauta a 2012, aka dawo da shi a kan fam miliyan 89 a 2016, ya sake tafiya kyauta a 2022. A ganina babu wani ciniki da ya fi wannan bayyana rashin tsari, domin kuskuren ya ratsa zamanin koci da dama ba tare da wani a sama ya amsa tambaya a kansa ba.

Akwai wata magana da Woodward ya faɗa wa masu zuba jari a 2018 wadda magoya baya ba su manta ba. Ya ce sakamakon da ake samu a fili ba shi da wani tasiri na a-zo-a-gani a kan abin da za su iya yi a ɓangaren kasuwanci. Ta fuskar lissafi gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta yi zafi. Mai goyon bayan ƙungiyar ƙwallo ba kamar mai sayen kaya ba ne, wanda idan kayan suka lalace zai koma wani wuri. Wanda ya gaji son United daga mahaifinsa ba zai koma Manchester City ko Liverpool ba komai lalacewar lamari, kuma haka miliyoyin da ke binta daga Afirka da Asiya. Wannan amana ita ce kadarar da ake sayar wa kamfanonin talla da gidajen talabijin. Mutanen da ƙaunarsu ke samar da kuɗin su ne ba su da kujera a inda ake yanke hukunci, kuma tun da ba za su tafi ba, babu abin da zai tilasta a saurare su.

Wannan rashin mafita ne ya sa fushin ya riƙa fita ta hanyoyin da wasu ba su dace ba. A watan Janairun 2020 wasu suka je gidan Woodward da dare suka jefa wuta mai hayaƙi cikin harabarsa. Wannan ɗanyen aiki ne da babu hujjar kare shi, kuma ya cutar da koken masu gaskiya fiye da yadda ya taimaka. Haka nan sau da yawa fushin kan sauka a kan wanda ya fi kusa maimakon wanda ya fi laifi. Harry Maguire bai sa wa kansa farashin fam miliyan 80 ba, amma shi ya sha zagi na shekaru, kamar yadda Jadon Sancho da Antony suka sha bayansa. Ɗan wasa yana fili kowane mako ana ganinsa, masu ƙungiyar kuwa suna Amurka, ba safai suke zuwa kallo ba, kuma sun shafe kusan shekara 16 ba su yi wa magoya baya magana kai tsaye ba.

Tura ta kai bango a watan Afrilun 2021, lokacin da ƙungiyoyi 12, ciki har da United, suka sanar da kafa gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta za su riƙa bugawa duk shekara ko sun yi ƙoƙari ko ba su yi ba. An bayyana Joel Glazer, ɗaya daga cikin 'ya'yan Malcolm, a matsayin ɗaya daga cikin mataimakan shugaban gasar, ba tare da an tuntuɓi koci ko 'yan wasa ko magoya baya ba. Shirin ya ruguje cikin kwana biyu, Woodward ya sanar da cewa zai sauka, Joel Glazer ya rubuta wasiƙar neman afuwa, kuma bayan abin da ya faru a ranar 2 ga Mayu ya zauna da wakilan magoya baya. An kafa kwamitin ba da shawara na magoya baya, an kuma yi alkawarin tsarin da zai ba su damar mallakar hannun jari mai cikakkiyar ƙuri'a. Kwamitin ya tabbata, amma tsarin hannun jarin, wanda shi ne zai iya sauya wani abu, ta leƙo ta koma.

A cikin gida ma an fara faɗin abin da magoya baya suka daɗe suna faɗa. Rangnick ya ce a 2022 ƙungiyar tana buƙatar tiyatar zuciya, kuma shirin riƙe shi a matsayin mai ba da shawara ya watse. Ronaldo, wanda ya dawo a 2021, ya fito a wata hira a watan Nuwamban 2022 ya ce kayan aikin filin atisaye suna nan yadda ya bar su shekaru 13 da suka wuce. Shi kansa Old Trafford, mai ɗaukar mutum sama da 74,000, rabonsa da wani babban gyara tun 2006, kuma ba ya cikin filayen da aka zaɓa domin gasar ƙasashen Turai ta 2028. A ranar 12 ga Mayun 2024, ana dab da tashi daga wasan da Arsenal ta ci 1 da nema, aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ruwa ya riƙa kwarara daga wani lungu na rufin kamar an buɗe madatsa, yana zuba kan kujeru yana gangarawa ta matakala, mutane suna ɗaukar bidiyo da wayoyinsu. Magoya bayan Arsenal da suka zo baƙunta suna rera cewa Old Trafford na rushewa.

A watan Nuwamban 2022 iyalan Glazer suka sanar da cewa za su duba yiwuwar sayar da ƙungiyar, magoya baya da yawa suka ɗauka ƙarshen wahala ya zo. Aka shafe fiye da shekara ana jan ƙafa. Sheikh Jassim na Qatar, wanda ya nemi sayen ƙungiyar gaba ɗaya, ya janye a watan Oktoban 2023, kuma a watan Fabrairun 2024 attajirin Birtaniya Jim Ratcliffe, mai kamfanin INEOS, ya kammala sayen kashi 27.7 cikin ɗari tare da karɓar ragamar harkokin ƙwallo. Iyalan Glazer suka karɓi kuɗi masu yawa, suka ci gaba da riƙe rinjaye, bashin kuma yana nan.

Shekarar farko ta sabon tsarin ta nuna cewa tsugune ba ta ƙare ba. Ten Hag ya ƙare a matsayi na takwas amma ya doke Manchester City a wasan ƙarshe na kofin FA. Shugabannin suka shafe makonni suna tattaunawa da wasu masu horarwa, sannan suka tsawaita kwantiraginsa, suka kashe kusan fam miliyan 200 wajen saya masa 'yan wasa, suka kore shi a watan Oktoba. Sallamarsa tare da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4, kawo Ruben Amorim daga Sporting kuma ya ci kusan fam miliyan 11, kuma Amorim ya zo da tsarin masu tsaron baya uku wanda ba a sayi 'yan wasan dominsa ba. Dan Ashworth, daraktan wasannin da aka shafe watanni ana jira daga Newcastle, ya tafi bayan wata biyar, lamarin da ya ci fam miliyan 4.1. A daidai wannan lokaci aka sallami ma'aikata 250, aka sanar da shirin sallamar wasu da za su iya kai 200, aka kawo ƙarshen aikin jakadanci da ake biyan Ferguson, sannan a tsakiyar kaka aka mai da farashin sauran tikitin mambobi fam 66 ba tare da rangwame ga yara ko tsofaffi ba.

Hujjar shugabannin ita ce ƙungiyar na tafka asara, kuma alkaluma sun goyi bayansu: a kakar 2023 zuwa 2024 ta samu kuɗin shiga fam miliyan 661.8, mafi yawa a tarihinta zuwa lokacin, amma ta yi asarar fam miliyan 113.2. Babu mai hankalin da zai ce a ci gaba a haka. Tambayar da magoya baya ke yi, wadda nake ganin har yanzu ba a amsa ta ba, ita ce me ya sa mai aiki a ofis da uban da ke son kai ɗansa kallo za su biya kuɗin kurakuran da aka tafka a ɗakin taro, alhali abin da aka ɓarnatar a kan Ten Hag da Ashworth cikin 'yan watanni ya kai albashin shekara na ma'aikata masu yawa, kuma kuɗin ruwan bashin 2005 na ci gaba da fita.

Wahalar United ta taimaka wajen sauya dokoki, ko da yake ihu ne bayan hari. A 2023 ƙungiyoyin Firimiya suka amince a taƙaita yawan rancen da za a iya ɗora wa ƙungiya wajen sayenta, kuma bayan binciken da 'yar majalisa Tracey Crouch ta jagoranta, majalisar Birtaniya ta zartar da dokar kafa hukumar sa ido mai zaman kanta a 2025. Babu ɗayansu da ya kai tsarin Jamus, inda a mafi yawan ƙungiyoyi mambobi ke riƙe rinjayen ƙuri'a, kuma babu wanda zai warware cinikin da aka riga aka ƙulla.

A ranar 9 ga Maris na 2025 dubban magoya baya sanye da baƙaƙen kaya suka yi tattaki zuwa Old Trafford kafin wasa da Arsenal. Kwana biyu bayan haka ƙungiyar ta bayyana zanen sabon fili mai ɗaukar mutum 100,000 wanda aka ƙiyasta zai ci fam biliyan 2, ba tare da cikakken bayanin inda kuɗin za su fito ba. Kakar ta ƙare United tana matsayi na 15 da maki 42, mafi muni tun faɗuwarta daga rukunin farko a 1974, kuma Tottenham ta doke ta da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na gasar Europa a Bilbao. A watan Mayun 2025 ne iyalan Glazer suka cika shekara 20 da mallakar ƙungiyar, kuma rinjayen ƙuri'un yana hannunsu.